Sunan da Na Ƙi Rubutawa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Uwani, ina gaishe ki, ina gaida maigidanki Auwalu da iyayensa da duk waɗanda suka tarbe ki a Malumfashi. Allah ya sa kun sauka lafiya, ya sa ɗakin da aka kai ki ya zama ɗakin albarka, ya tsare ki daga abin da kike tsoro da wanda ba ki ma san ki ji tsoronsa ba. Ƙannenki suna gaishe ki. Gidan ya yi mana faɗi tun da motarku ta tashi.

Zan ba gwaggonki wannan takarda, tunda za ta biyo ku da sauran kaya, ta sa miki a ƙasan akwati, don kada ki gan ta sai jama'a sun watse. Kin san ni ba mutumin rubutu ba ne, in kin ga hannun ya karkace ki yi haƙuri. Abin da ke ciki ba zan iya duban idonki in faɗa ba, shi ya sa.

Da aka kawo ki gabana a lulluɓe aka ce in yi miki faɗa, me na ce? Na ce ki yi haƙuri, ki bi mijinki, ki rufa masa asiri. Abin da kowane uba ke faɗa ke nan, ni ma shi na ji ana faɗa wa 'yan'uwana mata. Kika fita kina kuka, mata na guɗa, na koma zaure na zauna kamar wanda ya sauke nauyi. Wallahi ban sauke komai ba. Innarki ta yi haƙuri, ta bi ni, ta rufa min asiri, babu ɗaya da ta bari. Kin kuma ga yadda abin ya ƙare. Saboda haka ki zauna ki ji sauran faɗan, wanda ya kamata in yi wa kaina tun da daɗewa.

Zan fara da ƙafata. Kin tuna daminar da babur ya kayar da ni a hanyar Dandume, ina dawowa daga kasuwa, akuya ta gitta? Ƙashin ya karye yadda mai ɗori ya duba ya ce ba nasa ba ne, sai an sa ƙarfe. Ina kwance a asibiti nan Funtua sai ga Alhaji Mudi, shugabanmu na 'yan masara. Ko gaisuwa bai gama ba ya zaro waya ya ɗauke ni hoto, daga ni sai singileti, hula a karkace, ƙafa a rataye. Ya sa a guruf ɗinmu na 'yan kasuwa, ya rubuta a ƙasa: "Wannan Alhaji Sale mai masara ne da kuka sani, na layin gabas, ya samu karaya." Daga nan saƙon ya tsallaka guruf ɗin masallaci, ya tsallaka na direbobin da ke yi mana lodi.

Ke, wayata ba ta huta ba. Alat na shiga, wani na bin wani. Duk wanda ya tura sai ya ɗora shaidar a guruf kowa ya gani, kuma namiji in ya ga abokin cinikinsa ya bayar ba ya iya yin shiru. Har Ibo da Yarabawan da ke sayen masara a hannuna suna kaiwa kudu sun turo. Aka yi aikin, aka sa ƙarfen, har da ragowa. Ni kuwa sai kaina ya kumbura. Duk wanda ya zo dubiya sai in ce masa, "Ka ga amfanin zama da mutane lafiya." Ban ji kunyar hoton ba ko kaɗan, har nunawa nake yi. Innarki tana gefe tana juya ni, tana zubar da abin da na yi, tana soya ƙuli-ƙuli da rana don kada tukunya ta tsaya, ba wanda ya ɗauke ta hoto.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, ba karayar aka ba kuɗi ba. A ranar mutum nawa suka karye a wannan hanyar? Sale aka ba, wanda aka sani, wanda za a haɗu da shi a kasuwa wani makon, wanda ya taɓa ɗaga wa wani ƙafa a ciniki. Ki riƙe wannan: mutane suna jin tausayin kowa, amma hannunsu yana shiga aljihu ne don wanda suka sani. Saboda haka kada ki kulle kanki a ɗaki a garin mutane. Ki nemi izinin mijinki ki je suna, ki je gaisuwar mutuwa, ki shiga Islamiyya, ki san maƙwabtanki su san ki.

Ƙafata ta warke na koma kasuwa. Da kaka ta kama, wata safiya ina ɗaura agogo zan fita, Innarki ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, akwai wani abu da nake ji a jikina." Na ce, "Ina?" Ta sunkuyar da kai, ta ɗan nuna ƙirjinta ta saman mayafi. Uwani, matar da ta haifa min ku duka, amma sai na kau da kai kamar an nuna min abin da bai halatta in gani ba. Ban ce mu gani ba, ban ce tun yaushe ba. Na ce ta je garinsu Dayi wurin 'yan'uwanta, akwai tsohuwar da ke ba da maganin irin waɗannan abubuwa na mata. Na fita, don lokacin sayen masara ne, manoma na fitowa da ita da araha, kuma a ganina wanda ya yi sakaci a makonnin nan ya yi asarar shekara.

Ta je ta sha jiƙe-jiƙe, ta shafa abin shafawa. Watanni suka wuce. Ba ta sake ɗaga maganar ba, ni kuma na ɗauki shirunta a matsayin sauƙi, don haka ya fi min daɗi. Ke ce kika gani ranar da kike taya ta wanka, kika ɗauke ta a keke mai ƙafa uku kika kai ta asibiti ba ki jira ni ba, daga can aka tura mu Zariya. Likitar mace ce, ba ta kai ƙanwata ba a shekaru. Ta duba ta gama, ta ce ciwon daji ne. Sai ta juyo gare ni ta ce, "Alhaji, me ya sa sai yanzu?" In ce mata masara nake saye?

To ki ji. Ciwo ba ya jiran a gama kaka. In kika ji wani abu a jikinki, ki faɗa da sunansa da inda yake. In mijinki ya kau da kai irin yadda na yi, ki sake faɗa. In ya sake kau da kai, ki kira ni, ki kira gwaggonki, ki kira uwarsa. Ba rashin kunya ba ne. Kunyar da ta hana Innarki maimaitawa ni na koya mata ita, don duk zamanmu ban taɓa ba ta fuskar irin wannan magana ba.

Sai maganar kuɗi. Aka ce za a fara da wani ruwan magani mai tsada da ake sa wa ta jijiya lokaci-lokaci, in ciwon ya ja baya a yi aiki. Kin san da me muka fara biya? Awakinta. Bayan su injin markaɗenta, bayan shi 'yan kunnen da uwarta ta bar mata. Sitona kuwa cike yake da buhuna har rufi. Na ce farashi bai tashi ba, in na sayar yanzu na faɗi, a bari damina ta matso. Da bakina na faɗa, a gabanki. Na taɓa kaɗan na sayar, ina yi ina ƙunƙuni. Tir da wannan lissafi. Har yau in na shiga siton sai in yi sauri in fito.

Da abin nata ya ƙare aka fara tsallake lokacin magani, kika same ni a zaure kika durƙusa kika ce, "Baba, me zai hana a sa a waya kamar yadda aka yi maka? Inna tana da jama'a." Kin tuna yadda na taso miki. Na ce, "Matata? A waya? Kowane ɗan iska ya riƙa kallon fuskarta yana faɗin inda ciwon yake? Ina raye?" Kika ce ba sai an sa hoto ba, suna kawai. Na ce ke yarinya ce, kuma mace, ba ki san abin da ake kira mutunci ba, in na sake jin maganar a bakinki ko a wayarki ban yafe ba. Kika tashi kina share hawaye da gefen hijabi. Kika yi min biyayya, kuma da kin saɓa min a ranar da ya fi mana alheri duka.

Na ce mutuncinta nake karewa. Ƙarya nake yi, nawa nake karewa. Karayar ƙafa kowa ya san tsautsayi ne, ba wanda zai zarge ka. Amma jinyar mata nauyin miji ne, kuma na hango 'yan layinmu suna cewa, "Ashe Alhaji Sale duk cika bakin nan ba ya iya jinyar iyalinsa." Na hango sunana da sunan wannan wuri na jikinta a layi ɗaya, ana karantawa a teburin mai shayi. Wannan ne ya hana ni barci, ba ciwonta ba. Sai na ce a riƙa faɗa wa mutane olsa ce da taifot. Mata suka riƙa zuwa dubiya da lemu da fura, irin abin da ake kai wa mai ƙaramin ciwo, su ce ta rage yaji. Ita kuma ta ja mayafi ta rufe har wuya ta ce to.

Sau ɗaya ta roƙe ni. Ta ce, "Malam, ko Laure kaɗai a faɗa wa." Hajiya Laure, aminiyarta tun suna amare a unguwar nan. Na ce, "A faɗa wa Laure da safe, kafin azahar Funtua ta ji." Ta ce, "Shi ke nan." Ba ta ƙara ba.

Yanzu ga abin da ban sani ba ko kin sani. Da na ga abin ya fi ƙarfin ƙunƙunina, na je wurin Alhaji Mudi a ɓoye, na sa shi ya rantse ba zai faɗa wa ko matarsa ba. Na ce ya sa saƙo a guruf, amma ba suna, ba hoto, ba sunan ciwo, kuma lambar akawun ɗinsa za a sa, ba tawa ba. Ya dube ni ya ce, "Sale, kana da hankali kuwa? Waya ta cika da irin wannan, mutane sun sha hannun 'yan damfara sun gaji. Wa zai ba wanda bai sani ba?" Na ce ko ya yi yadda na ce ko ya bari. Ya girgiza kai ya rubuta: "Wata baiwar Allah tana fama da jinya, tana neman taimakon al'umma. Duk mai hali ya taimaka don Allah."

Guruf ɗin da ya kusa fasa min waya saboda ƙafa, shi ne ya cika da "Allah ya ba ta lafiya" da ɗan hoton nan na hannuwa biyu a ɗage. Wani ya tambaya wace ce, ba amsa. Wani ya ce a riƙa tantancewa kafin a turo irin wannan. Abin da aka samu ko kuɗin motar Zariya bai kai ba. Ni kuma ina ciki ina karantawa. Don kada a zarge ni, ni ma na rubuta, "Allah ya ba ta lafiya." Da yatsana, Uwani. Matata, na yi mata addu'ar da ake yi wa baƙuwa, na mayar da waya aljihu.

Saƙon ya yi ta yawo daga waya zuwa waya har ya faɗa hannun mata. Wata rana da yamma muna tsakar gida, tana kwance a tabarma a ƙarƙashin rumfa, kina yi mata fifita, ina zaune a kujera ina jin rediyo. Wayarta ta yi ƙara. Hajiya Laure ce ta turo saƙon, ta haɗa da murya. Kika kunna, muka ji ta tana cewa, "Ta Dayi, ga wata baiwar Allah nan ana ta yawo da ita. Ni dai ban san ta ba, na yi mata addu'a. Na ce bari in turo miki, na san ki da tausayi ko kina kwance."

Innarki ta ce ki karanta mata. Kika karanta har sunan mai akawun, Alhaji Mudi. Na ƙara wa rediyo murya. Can sai ta ce, "Uwani, duba ƙasan kwanon can na cikin kabad, akwai ɗan abin da na ajiye. Ki kai wa mai tura kuɗi na bakin titi ya tura mata." Kika ce, "Inna, ke ma fa nema muke yi." Ta ce, "Kai mata dai. Da alama ba ta da kowa." Da ta faɗi haka ba ke take kallo ba, ni take kallo. Ba harara, ba fushi, kallo kawai. Na tashi na ɗauki buta na ce zan tafi masallaci, alhali ko kiran salla ba a yi ba.

Ta gane. Matar da ta yi shekara da shekaru tana jin sunan Mudi a bakina, yaya ba za ta gane ba? Matar da in ta fita suna sai ta yi awa ba ta kai ƙarshen layi ba saboda gaisuwa, ni na mayar da ita wadda ba ta da kowa. Kuma ko a ranar ban gyara ba. Da a ce da na dawo daga masallaci na kira Laure na ce, "Ita ce," da an wuce wurin. Ban ce ba.

Daga baya na buɗe sito na sayar da masarar duka, na sayar da gefen gonar nan ta hanyar Bakori. Farashi ya tashi kuwa, kamar yadda na yi lissafi. Muka koma Zariya da kuɗi a aljihu, likitar ta duba ta ce ciwon ya bazu, abin da ya rage sai maganin rage zafi. Na sani rai na Allah ne, malamai sun faɗa min, abokai sun faɗa min, kuma na yarda. Ba na cewa da na sa sunanta da tana nan. Amma ranar da za a tambaye ni, ba za a tambaye ni kwananta ba, za a tambaye ni abin da na yi da abin da ke hannuna.

Da ta cika, Hajiya Laure na cikin matan da suka yi mata wanka. A nan ta ga abin da muke kira olsa. Ta fito ta wuce ni a zaure ba ta ce min komai ba, har aka share makoki. Daga ranar in mun haɗu a hanya sai ta gaishe ni a taƙaice ta wuce. Na ɗauka maganar ta mutu ke nan, sai da bikinki ya zo.

Kin san yadda mata ke yin biki. Duk auren da aka yi a unguwar nan da kewaye, duk suna, Innarki ta je da nata gudummawar daga kuɗin ƙuli da man gyaɗa, kuma al'ada ce ranar da naka ya zo a mayar maka har da ƙari. Ni a da dariya nake mata, ina cewa kuɗinta duk a tukwanen mutane suke ƙarewa. Ita ba ta taɓa aurar da 'ya ba, ke ce ta fari, saboda haka ba ta taɓa karɓa ba. Ana jibi ɗaurin aurenki sai na ji gidan ya cika da hayaniya. Hajiya Laure ta leƙo zaure ta ce, "Alhaji, taso ka gani." Na bi ta. Ɗakin Innarki ba wurin sa ƙafa: tukwane, kuloli, katifa, atamfofi, kuɗi a ƙulle a bakin gyale. Mata daga Dayi, daga Dandume, har da Maman Ifi mai atamfa ta bakin kasuwa, wadda Innarki ta je wa biki a ƙofar coci ta tsaya daga waje.

Na fara godiya, Laure ta ɗaga min hannu. Ta ce, "Kada ka gode mana, ba kyauta ba ce, nata ne. Shekara da shekaru take zubawa." Ta share fuska ta ce, "Ku maza kun ɗauka ku kaɗai ke da guruf. Mu ma muna da na Islamiyya, muna da na adashi, wadda ba ta da waya 'yarta na da ita. Ba mu da manyan kuɗi irin naku, amma muna da yawa, kuma ba wadda Ta Dayi ba ta taka ƙofarta ba. Da ka ce mana ita ce, ko tukunyar girkina sai na sayar." Ta ce, "Ranar da na wanke ta na gane saƙon nan. Da hannuna na tura mata, Alhaji. Na ce mata ban san ta ba. Ka sa na ce wa aminiyata ban san ta ba."

Ni Sale, mai baki a kasuwa, na tsaya a tsakiyar tukwane na ji da ƙasa za ta tsage da na shige. Kayan ɗakin da kike kallo yanzu a Malumfashi su ne waɗannan. Ki yi girki da su da farin ciki, halal ɗinki ne, uwarki ta yi miki tanadi. Amma ni duk tukunyar da na kalla a ranar, kwalbar magani nake gani.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na ɗauki biro. A zuwanmu na ƙarshe likitar ta tsayar da ni a baranda ta ce, "Kuna da 'ya'ya mata?" Na ce ɗaya. Ta ce irin wannan ciwo wani lokaci yana bin jini, ba dole ba ne, amma ya kamata ki riƙa duba kanki, ki kuma riƙa zuwa asibiti ana duba ki tun ba ki ji komai ba, don in an kama shi da wuri ana samun sa'a. Ta ce in faɗa miki. Na ce to. Tun bara waccan nake ɗauke da maganar nan a ciki. Sau nawa kina kawo min abinci in buɗe baki, sai in ce ki ƙaro ruwa. Ashe ban daddara ba, abin da na yi wa uwa shi na fara yi wa 'ya.

To ga shi na rubuta: nono. A nono ciwon Innarki yake. Ki riƙa duba naki. In kika ji ƙullutu, ko wani canji, ko abin da ba ki gane ba, gari na wayewa ki tafi asibiti. Ba jiƙo, ba jira. Kuma ko ba ki ji komai ba, ki je a duba ki kafin shekarar nan ta fita, su za su faɗa miki yaushe za ki koma.

Na kira Auwalu kafin ɗaurin aure. Ya zo ya durƙusa a bakin tabarma yana zaton maganar sadaki ce. Na faɗa masa duk abin da ke cikin takardar nan, ina kallon bango yana kallon ƙasa, gumi na karyo mana mu biyu kamar masu noma. Suruki da suruki suna irin wannan magana, ai ba a taɓa yi ba a gidanmu. Na ce masa, "In ta ce maka tana jin wani abu, ka ajiye abin da ke hannunka. In kuɗi ya gagara, ka fara sayar da naka kafin nata. In har ya kai ga neman taimako, ka tambaye ta yadda take so, don ciwon a jikinta yake. In ta ce a sa suna, ka sa." Ya ce, "In sha Allahu, Baba." Na ce ya ɗago ya dube ni ya sake faɗa, ya ɗago ya faɗa. Yaron kirki ne, amma namiji ne, kuma ni ma ana ce min mutumin kirki. Shi ya sa na faɗa miki ke ma.

Ban ce ki tallata kanki ba. Akwai wanda ya fi son a yi shiru da ciwonsa, kuma hakkinsa ne. Laifina shi ne ban taɓa tambayar mai ciwon ba, da ta faɗa da kanta ma na hana. Allah ya kiyaye, amma in ranar ta zo miki, ki fara da matan da kika je wa suka zo miki. Ki sa sunanki, ki ƙara da nawa, ki ce 'yar Alhaji Sale mai masara ce, in ga wanda zai yi dariya a teburin mai shayi. Kuma duk ranar da saƙon wata baiwar Allah ya shigo wayarki, kada ki tsaya a addu'a ki wuce. Ki kira wanda ya turo ki tambaya. Mai yiwuwa katanga ɗaya ce tsakaninku.

Ki yafe min tsawar da na yi miki a zaure. Ke ce mai gaskiya.

Kin san tun da na aure ta ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke," ko "Innarsu." Haka muka taso, ana ce masa kara. Ga saƙon yadda ya kamata a rubuta shi, ko da yake ba guruf ɗin da zan tura wa yanzu sai ke:

Wannan Rakiya ce, 'yar Malam Idi na Dayi, wadda kuke kira Ta Dayi, mai ƙuli da man gyaɗa. Matata ce. Tana da ciwon daji a nono, kuma abin ya fi ƙarfina. Ta je muku, ku zo mata.

Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta, ya sa ta yafe min. Ke kuma Allah ya tsare ki a gida da hanya, ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari, ya kewaye ki da mutanen da suka san sunanki. Ki gaida Auwalu. In kin je asibitin ki kira ni ki faɗa min abin da suka ce, zan saurara har ƙarshe.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sale, mijin Rakiya.